Tsarabar Tumatirin Jos

Ni mutum ne da ko allura ba na saya sai na yi tambaya sau uku, amma ranar nan digirina na aikin gona ya hau mini kai. Zan je Kano gaida mahaifin Binta, wadda nake nema, kuma na yi alkawarin tsarabar tumatirin Jos, alhali lokacinsa ya kusa wucewa. Kwana biyu ina zagaya gonakin Naraguta da ke gefen Jos, ban ga komai ba sai busasshen ganye. A kasuwa na samu kwando guda. Na latsa, na shinshina, na ce in ban yi kuskure ba, irin wannan ja sai ƙasar Filato. Mai kayan ya ce, "Oga, ka san abu."

Na isa Kano na ajiye kwandon a gaban Alhaji, mahaifin Binta, wanda dillalin tumatir ne. Bai ko kalli tumatirin ba, sai ya nuna shuɗin fentin da ke gefen kwandon, alamar kayansa.

"Malam, ranar Talata na loda wannan zuwa Jos. Sannu da dawo mana da shi."

Sai da aka yi wata takwas ana shawara kafin a ba ni Binta. Har yau in na shiga gidan, ƙannenta sai sun leƙa bayana: "Yaya, yau me aka dawo mana da shi?"