Eriyar Murfin Tukunya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rungumi murfin tukunya na tafi Al Buteen ƙwato haƙƙina ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Dako nake yi a wani sito a Al Qusais, can ƙasar Larabawa. Talabijin ɗin ɗakinmu ba ta kama komai, sai na huda murfin tukunya, na lanƙwasa waya kamar ƙahon rago, na ɗaure a taga a matsayin eriya. Tashoshi suka zubo. 'Yan ɗaki suka raɗa mini Injiniya (ni da karatuna ya tsaya a firamare), na kuwa amsa.

Kwatsam na ga irinta sak a wani shago a Al Buteen, cikin kwali, da sunan wani kamfani. Ƙahon ragona! Abinci ya daina shiga. Wa ya ɗauki hoton tagarmu? Na zargi kowa, har mai kawo mana ruwa. In yi istigfari saboda zato zunubi ne, in idar, in koma zargi.

Na lallaɓa Alhaji Bala, dattijon unguwarmu a Kano da ya zo sarin kaya, ya raka ni, ya zama shaida kuma tafinta. Mai shagon ya kira wakilin kamfanin, wani Balarabe mai sanyin murya.

"Habibi, shwaiya," in ji shi, wato aboki, a hankali. Ya ce ƙira tana zama taka ne in ka yi mata rajista, kuma babu wanda ya riga ka yin ta.

Na buga tebur. "Babu mahalukin da ya riga ni!"

Alhaji ya jujjuya murfin, ya gyara tabarau. "Kai ɗan nan, ji tsoron Allah. Wannan ba ta marigayi Malam Sule mai gyaran rediyo ba ce? Ba kai ke riƙe masa tsani ba, majina har baki?"

Bai tsaya nan ba, sai da ya fassara wa Balaraben (har majinar bai bari ba). Na so ƙasa ta tsage in shige, don wallahi na tuna tsanin.

Balaraben ya washe baki. Ashe shari'a suke da wani kamfani mai cewa shi ya fara ƙera ta, suna neman hujjar cewa tsohon abu ne. Aka kawo wa Alhaji shayi. Ni kuwa aka miƙo mini murfina.

Yanzu Mai Tsani ake kirana a ɗaki. In za ka je neman haƙƙi, kada ka ɗauki shaidan da ya san ka tun kana yawo ba wando.