Baƙon Ƙarya a Masaukin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu ba, amma ni ba don bikin ba. A ƙarshen daminar nan ne na yi abin da har yau in na tuna ina kan buzun salla sai na sake istigfari.

Lokacin ina sabon ango, sana'ata rubuta wa mutane wasiƙu da ajami a bakin kasuwa. Surukina, Alhaji Buba (Allah ya jiƙansa), yana da masaukin fataken shanu jikin gidansa a Ƙofar Wambai. Baƙo ya sauka, a ɗaure masa dabbobi, a ciyar da shi, a nemo masa mai saye, Alhaji ya samu la'ada. Sai kurkunu ya kwantar da shi, baƙi kuma suka fara raguwa. Rannan ya aika aka kira ni.

"Malam," ya ce, "ƙafa ta hana ni ganin abin da ake yi a masaukin nan, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce lafiya lau. Ka shiga kamar baƙo, ka duba mini komai. In ka kawo mini gaskiya, kai zan naɗa wakilina a wurin."

Wakilcin masauki! Na kwana ina ganin kaina da babbar riga.

Ranar kasuwa na aro malafa da sanda, na naɗa rawani na ja amawali har ƙarƙashin ido, na shafa wa ƙafafuna ƙura don a ga na sha tafiya. (Daga gidana zuwa can, ko fatiha ba ka gama ba ka isa.) Na yi sallama da muryar da na ƙaƙalo daga maƙogwaro. Baba Sambo, dillalin da ke riƙe da wurin, ya ɗago ya yi mini wata doguwar gaisuwa da Fulatanci. Na ce, "Jam," na sake cewa, "Jam," daga nan Fulatancina ya ƙare. Na ce daga wajen Azare nake, bijimi na zo saye. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya nuna mini tabarma.

Na fara aikina. Tabarmi sun yage. Randar ruwan sha babu murfi. Wajen turaku ya zama caɓi, wata saniya tana tsaye cikin laka har gwiwa, mai ita yana ta sallallami ba wanda ya kula shi. Duk ina tarawa a ka, ina jin kaina kamar alƙali.

Bayan azahar aka buɗe 'yar ƙofar da ke tsakanin masauki da cikin gida. Wata dattijuwa ta fito lulluɓe da zane, ta ajiye akusan tuwo a bakin zaure, ta juya za ta koma. A sanina mata 'yan ƙodago Alhaji ke biya su dafa wa baƙi. Na ce a raina, to ga wurin da ake gane masauki: bari in ga yadda suke ɗaukar ƙorafin baƙo.

A nan sai na yi muku bayanin wani abu. Tun da na fara neman aure a gidan nan ban taɓa ganin fuskar surukata ba. In na je gaisuwa, takalmi a hannu, in durƙusa a bayan asabari, idona a ƙasa, ita kuma ta amsa can ƙasa-ƙasa kamar mai tasbihi. Haka aka tarbiyyantar da mu, har yabona ake yi a kan kunya.

Na sauke amawali, na kai loma, na ɗaga murya.

"Ke Iya! Tsaya. Wa ya yi wannan miyar?"

Ta tsaya, ba ta juyo sosai ba. "Ni ce."

"Wannan miya ce ko ruwan wanke tukunya? Ina daddawa? Man shanu fa, a gidan da shanu suka cika, sai an yi rantsuwa kafin a gan shi?"

Wani Bafulatani ya ajiye lomarsa ya sunkuyar da kai. Baba Sambo ya shiga tari yana yi mini alama da ido. Ni kuwa na ɗauka asirinsu ne na tona. Na ci gaba, baki cike da tuwo (wallahi ina kushewa ina ci, don miyar ba abin da ya same ta), na ce da ni ne mai gidan nan, yau ɗin nan zan sallami mai wannan girki. Na suɗe akushi, na miƙa mata, na ce a ƙaro, in ga ko ana yi wa baƙo rowa.

Ta karɓa da hannu biyu. Sannan ta ce, cikin wannan murya ta ƙasa-ƙasa da sai a lokacin kunnena ya gane:

"Allah ya huci zuciyar Malam. Haka na koya wa yarinyar da ke gidanka, ban ji an ce ka taɓa dawo mata da kwano ba."

Inna lillahi. Na rasa abin yi, sai na mayar da amawali na rufe fuska, kamar hakan zai mayar da ni mutumin Azare. Na zame daga tabarma na durƙusa, na ce, "Ina wuni, Inna?" Bayan na gama zaginta! Baba Sambo ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Ashe masu girkin sun tafi girbi ƙauyensu, ita ta karɓi tukunyar don kada baƙin mijinta su kwana da yunwa.

Na shiga wurin Alhaji da rarrafe, na tabbata wakilci ya tafi, wataƙila har da auren. Labari ya riga ni. Yana dafe da ƙafarsa yana dariya yana cewa wayyo.

"To, baƙon Azare, me ka gano?"

Na faɗa masa batun tabarmi da randa da turaku da saniyar da ba a kula ba, kaina a ƙasa. Nan dariyarsa ta ɗauke. Ya ce wannan ita ce maganar da aka ɓoye masa.

"Na ba ka wakilci," ya ce, "daga bakin titi zuwa turke. Amma madafa ba ta cikin ƙasarka. Can kuma kai da surukarka ku kuka san yadda za ku ƙare."

Inna ba ta ce mini uffan ba, sai ranar sunan ɗana na fari. Gida cike da mata, ta sa aka kira ni tsakar gida, aka ajiye mini ludayi da kwano.

"Ga mai ilimin miya ya zo," ta ce wa jama'a. "Malam, ɗanɗana mana. In ba ta yi ba a zubar."

Na sha a tsugune, ana guɗa a kaina, gumi na zuba. Na ce ta yi. Ta ce in ɗaga murya kamar rannan. Na ɗaga. Ta ce, "To, mun rabu lafiya."

Na yi shekara da shekaru ina duba aikin mutane bayan nan, ban sake kushe abu ba sai na tambayi hannun wa ya fito. Yarana kuwa in za su yi aure, ina ce musu su ji kunyar surukai yadda ya kamata, amma su saci kallo ko sau ɗaya.