Hukumar Tarin Baƙi

A wani gari da ake kira Babu-Aibu, 'yan gari ba sa tari, gyaran murya kawai suke yi. Da tarin fuka ya fara ɗibar mutane, majalisar Sarki Tsarkakakke ta zauna ta gano cewa baƙi ne ke shigo da shi. Aka kafa Hukumar Tarin Baƙi, aka ce duk baligin da zai shigo sai an tsira masa allurar rigakafi a ƙofar gari.

Cikin masu shigowa har da Bukari, wani baduku daga ƙetaren iyaka, ƙato lafiyayye. Hansatu, ma'aikaciyar jinyar da aka ajiye a ƙofar, ta ga tabo a damtsensa.

Ta ce wa shugaban hukumar, "Ranka ya daɗe, wannan an yi masa tun yana jariri. Allurar nan jarirai ta fi karewa. Manya kakinsu ake aunawa, mai cutar ya sha magani wata shida."

Shugaban ya ce, "Hansatu, kaki ba ya kyau a hoto. Tsira masa."

Aka tsira masa. Duk ranar da ya fita sayo fata ya dawo sai a sake, har hannun ya daina ɗaguwa.

Rumfar Bukari na jikin ta Sarkin Kasuwa, wanda ke wuni yana gyaran murya, yana tofar da jan yawu yana cewa goro ne. Kafin shekara Bukari ya rame, wando na zame masa. Ya je hukumar.

"Yallaɓai, allura goma sha ɗaya kuka yi mini, ga shi ina tari."

Shugaban ya toshe hanci ya ce, "Da shi ka zo, ɓoyewa ka yi!"

Aka kore shi daga garin. A bakin ƙofa Hansatu ta damƙa masa takarda zuwa wani ƙaramin asibiti a hayin kogi. Can ya sha maganinsa wata shida, ya warke, ya koma ɗinkin takalma.

Haka aka yi ta korar duk baƙon da ya yi tari, hukumar na shelar cewa allura ta yi aiki, tunda babu sauran baƙo mai tari. Baƙi suka ƙare, maƙabarta kuwa sai faɗi take. Majalisa ta sake zama, ta yanke cewa duk ɗan garin da aka ji tarinsa, akwai jinin baƙi a jikinsa, ya tattara kayansa.

Sarki na gama sa hannu, tari ya sarƙe shi, mai tsawo. Galadima, wanda ya daɗe yana hararar karagar mulki, ya gyara zaman rawaninsa.

"Allah ya ba ka nasara, kakar nan taka ta wajen uwa, daga ina ma aka ce take?"