Randar Gidan Nomau Ta Je Shaida

A garin Kwarin Tsamiya akwai wani mutum, Nomau, wanda in ka ce ya jira ka, to yana nan ko baɗi ka dawo. Matarsa Tabawa ta daɗe da sallamawa. 'Yarsu Hansai kuwa basira gare ta, ba dai gadon uba ba. Ita ta zana tsohuwar randar gidan da fensir mai launi, don gasar da ake ba gwani gurbin karatu a birni.

Wata rana ta nuna masa zanen, ya kai hanci har jikin takardar.

"Baba, daga nesa ake kallo. Ja da baya."

Nomau ya yi ta ja da baya, ya fice ta zaure, ya tsallake hanya, sai cikin kwata. Daga can ya ɗaga murya, "In ƙara?"

Wata rana Tabawa ta ce, "Malam, ajiye zanen nan inda hannu ba zai kai ba." Ya haye rimi ya ɗaure a ƙololuwa. Sai ga hadari ya haɗo. Hansai na kuka, da ƙyar aka sauko da takardar kafin yayyafi.

Wata rana, ranar gasa, ya raka Hansai birni. Alƙalin gasar ya dubi zanen ya taɓe baki.

"Daga littafi aka kwafo wannan. Yarinyar ƙauye? Sai dai in randar ce za ta zo ta ba da shaida."

Hansai ta sunkuyar da kai. Nomau ya juya ya kama hanyar gida. Da la'asar sai ga shi sharkaf da gumi, randa a ka, cike da ruwa, don ba wanda ya ce ya zubar.

"Ga ta, ranka ya daɗe. Tambaye ta."

Aka kwashe da dariya. Alƙali ya matso ya duba, tasa dariyar ta tsaya. Tsagar da aka liƙe da siminti, gansakukar gindi, bakin da moɗa ta cinye, duk suna kan takardar har launinsu. Ya zaro biro ya rubuta sunan Hansai a saman jerin 'yan gasa.

Nomau ya damu. "Ai ba ta ce komai ba tukuna."

"Ta faɗa, Malam," in ji alƙali. "Duk mun ji."