Sanarwar Walimar Baba Talla

Ba zan taɓa mantawa da walimar ritayar malaminmu ba, duk da na sha roƙon Allah ya mantar da ni ita.

Farfesa ne na fannin talla a jami'ar da na yi, mutumin Dauran, muna ce masa Baba Talla (a bayan idonsa mana, wa ya isa ya faɗa a gabansa?). A tashar jirgin ƙasa ta Kaura ya fara sana'ar, da farantin ƙuli-ƙulin mahaifiyarsa a ka, kafin boko ya ɗauke shi har ƙasar waje. Mutum ne da zai shigo aji da tsohuwar tsintsiya, ya miƙa maka ya ce ka sayar wa ajin ita yanzu-yanzu. Ranar da abin ya zo kaina na zuba Turanci har da gumi. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Kai muryarka kake talla, ba tsintsiya ba." Maganar nan ta daɗe tana ci mini rai.

Da na gama sai na dawo Kaura na buɗe ɗan shagon sanarwa: lasifika, janareta, da wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai an tura. Wata rana sai ga Kabiru, babban ɗan Farfesa. Ya ce, "Baba ya aje aiki, za mu yi mishi walima a gidanshi na Zurmi ran Asabar. Muna son kowa ya ji." Na ce a raina, to, yau Baba Talla zai san ya koyar da mutum.

Na ga babban mutum irin wannan ya fi ƙarfin ihun masu maganin basir. Sai na sassauta murya, na yi ƙasa-ƙasa da ita, na naɗi sanarwar da zan zagaya da ita a mota: "Assalamu alaikum. Iyalan Farfesa na Dauran, da 'yan uwa na Shinkafi da Birnin Tsaba, suna sanar da jama'a..." Daga nan na shiga tarihi. An haife shi a wuri kaza, ya yi karatu a wuri kaza, ya koyar da ɗalibai ba adadi, mutum ne mai haƙuri da zumunci. Za a taru a ƙofar gidansa Asabar da hantsi. Kalmar walima kuwa sai can ƙarshe na saka ta, wai don ta zo da ba-zata (ka ji gwani).

Abin da ban lissafa ba shi ne, mota tafiya take yi, ba mai jin sanarwar daga farko har ƙarshe. Mai shayi ya ji "iyalan Farfesa suna sanar da jama'a". 'Yan kabu-kabu a Kasuwar Daji suka ji "mutum ne mai haƙuri", suka yi salati suka tayar da babura. Ga shi duk mai sauraron rediyo ya san irin sanarwar da ke farawa da iyalai cikin wannan murya, kuma kunnuwanmu a yankin nan sun saba da mugun labari. Masu neman tabbaci a waya, sabis ɗin Zurmi ya yi musu halinsa. Ni kuwa ina ganin mutane suna ɗaga hannu suna shafa fuska in na wuce, ina cewa kai, ashe haka ake ƙaunar ilimi!

Ran Asabar na sha babbar riga na isa. Ga rumfa, ga kujeru, ga tukwanen shinkafa, amma jama'a sai kauce wa kujerun suke yi, suna shimfiɗa tabarmi a gindin katanga, kowa ya sunkuyar da kai. Mai kalangu ya taɓa gangarsa, wani dattijo ya daka masa tsawa: "Kai, ba ka tsoron Allah? Gidan mutuwa kaka kiɗa?"

Nan na gane ta'aziyya suka zo.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga mota daga Shinkafi. Gwaggo Hajo, yayar Farfesa, ta fito tana rusa kuka: "Wayyo ƙanena! Anka rufe shi ba a hwaɗa mani ba!" Daidai lokacin Farfesa ya fito daga zaure cikin fararen kaya, yana murmushi yana ɗaga wa jama'a hannu. Wallahi wasu ko takalma ba su tsaya ɗauka ba. Gwaggo ta matsa ta shafa fuskarsa, da ta tabbatar da ɗumi sai ta kai masa duka da mayafi: "Kai da ranka ka sa ni kuka tun daga Shinkafi?"

Aka ce wa ya yi sanarwar. A bayan motata aka same ni, ina tura ta ni kaɗai.

Farfesa ya sa na kunna sanarwar a gaban kowa. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta ƙare ya ce, "Jama'a kam ka tara, ban taɓa ganin tallar da ta ja mutane haka ba. Amma ɗana, abin da kake sayarwa shi ake fara faɗi. Ni kaina sai da na ji tausayin iyalina." Aka kwashe da dariya. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka adana ta. Wata rana za a buƙace ta, walimar kawai za ka cire."

Bara Allah ya yi masa rasuwa. Bayan jana'iza Kabiru ya ce Baba ya bar saƙo, waccan sanarwar za a saka don addu'ar uku. Na cire walimar, na zagaya da ita. A Kasuwar Daji 'yan kabu-kabu suka hau dariya suna tambaya, "Yau ma shinkafa ce?" Dole na tsayar da mota na fito na faɗa musu da bakina, kuma sai da suka ga hawayena sannan suka yarda. Allah ya jiƙan Baba Talla.

Ni dai na ɗauki darasi. Yanzu ko sanarwar suna aka ba ni, da "kowa lafiya lau yake" nake farawa.