Rigar Sanyi da Zoɓon Matata

Ranar wata Lahadi zafin birnin Greensboro ya kai intaha, ni kuwa ina taƙama da sabuwar rigar sanyi, irin mai sanyaya jiki, mai aljihunan zuba ƙanƙara. Da na rasa ƙanƙarar, sai na cusa ledojin zoɓon matata da ya daskare a aljihunan, na ɗora farin kaftani, na hau babur.

A kan titin Gate City Boulevard na lumshe ido kaɗan, ina jin kamar sanyin safiyar Jos ke ratsa ni. Ashe ledojin sun fashe.

Ina sauka a coci, wata dattijuwa ta kurma ihu: "Wayyo, an harbe shi!"

Matata ta rugo, ta shinshina ƙirjina, ta ce, "Wannan jinin har da citta."

Har yau Baba Zoɓo yaran coci ke kirana.