Mai Sanƙo da Ɗan'uwansa da Ba a Haifa Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Shinkafi ba, ranar da na tsaya gaban ɗalibai cike da aji na kwashe rabin awa ina yi musu bayanin wani mutum da babu shi a duniya, babu shi kuma a fim ɗin da nake magana a kai.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, an tura ni koyon aikin koyarwa a wata sakandare, aka ba ni darasin Hausa na 'yan aji biyar. Mai duba mu wani dattijo ne, Malam Bawa, kuma saboda yadda hanya take, sau ɗaya tak yake zuwa wurin kowannenmu. Zai zauna a bayan aji minti arba'in, ya rubuta maki, ya kama gabansa. In ka faɗi, sai baɗi. Ni kuwa mahaifina a Zurmi ya riga ya gama sanar da mutanen zaurensa cewa bana ɗansa zai fito malami, har an fara kirana Malam Ƙarami in na je gida.

Darasin da ya faɗo a makon zuwansa shi ne zubi da tsarin labari da matsayin 'yan wasa: yadda labari ke farawa, ya ƙulla rikici, ya kai ƙololuwa, ya warware, da kuma waye tauraro, waye mai taimaka masa, waye mugu. Da na bi littafi na yi shiru, da yanzu ba ni da labarin ba ku. To amma ni ina son in burge. Na sha jin ɗalibaina lokacin tara suna musu a kan wani fim na kifin shak, ƙaton kifin teku mai cin mutane, kashi na biyu, sai na ce yauwa, da abin da suka sani zan koyar da su, Malam Bawa ya ga malamin zamani. (Ku tuna fa, babban kifin da na taɓa gani a rayuwata shi ne tarwaɗar da ake kamawa a gulbi in ruwa ya ja baya. Teku kuwa sai a taswira.)

Ran Asabar na shiga Kaura Namoda, na je wani shago kusa da tasha inda ake tura fina-finai a waya. Mai shagon, Lawali, ya tambaye ni ko wanda aka fassara da Hausa zai sa mini, tunda shi kowa ke karɓa. Na gyara hula na ce ni na Turancin nake so. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka ko ga na ɗaya?" Na ce na ɗaya ba shi da amfani a wurina, nazari zan yi ba kallo ba. Ya ce fim ɗin yana da nauyi, ya yanka shi gida uku don ya shiga waya da sauƙi, har ya fara yi mini wani bayani a kan yadda zan buɗe su. Na katse shi na ce ba yau na fara riƙe waya ba. Ina jin motar Shinkafi na kiran saura mutum ɗaya, na fizgi wayata na fita.

Washegari bayan La'asar na shimfiɗa tabarma, na ɗauko biro da takarda, na ga guntaye uku a jere masu sunaye na lambobi barkatai. Na danna na sama, kamar yadda duk mai hankali zai yi.

Ba sallama ba gabatarwa, sai ga wata mata mai tabo a hannu a kan ɓaraguzan jirgin ruwa, jina-jina, tare da wani saurayi mai fasasshen tabarau. Kafin in gyara zama sun yi artabu da kifin, matar ta kashe shi, jirgin ceto ya zo, sunaye suka fara hawa sama. Na yi sororo. An kashe mugu tun ba a je ko'ina ba, to sauran awa guda me za a yi? Sai na tuna kashi na biyu ne, na ce ai ƙarshen na ɗaya suka maimaita mana. Sunayen kuma, na ce Turawa ne, sai sun ɗumama ka kafin su gaya maka su waye.

Wannan dabarar ita ta kashe ni. Duk abin da ban gane ba, sai in jingina shi da kashi na ɗaya da ban gani ba, in ci gaba. Turancin nasu kuma da hanci suke yinsa, a cikin kalma goma in na tsinci uku na gode Allah.

Guntu na biyu, ga jirgi lafiyayye cike da mutane a tsakiyar teku, ga matar nan fes da ita, tabarau ɗin saurayi ya warke. Na rubuta: sun sayi sabon jirgi, yaro ya canza gilashi. Akwai wani matuƙi mai sanƙo da gemu, mai barkwanci, wanda nan take ya shiga raina. Sai ga kifi ya sake ɓullowa. Na ajiye biro. Ba yanzu aka kashe shi ba? Na yi tunani mai zurfi na rubuta: matar kifin ce ta zo ramuwar gayya. Ta kuwa yi ɓarna, ta kifar da mutane, ta kama mai sanƙo a gaban idona ta yi ƙasa da shi. Wallahi sai da na ji ba daɗi.

Guntu na uku ne ya kusa juya mini ƙwaƙwalwa. Sunan fim ɗin ya fito ɓaro-ɓaro (na ce tunatarwa ce ga wanda ya makara), sai ga mu a bakin teku, rana ta fito, ga mai sanƙo zaune da ransa da lafiyarsa yana cin abinci yana ƙyalƙyala dariya. Na mayar baya na sake kallo. Shi ne dai, har gemun. Na tashi na zagaya ɗaki. Fatalwa ce? Mafarki matar take yi? Kifin ne ya amayar da shi? Ina cikin wannan hali aka kira Magariba, kuma a hanyar masallaci amsar ta zo mini, har na ji kamar in taya kaina murna: tagwaye ne. Wanda aka cinye Hassan, wannan Husaini, kuma tabbas an yi bayaninsu a kashi na ɗaya. Fim ɗin ya ƙare an lallashi matar ta yarda, duk sun hau jirgi suna raha, sun nufi cikin teku. Na rubuta jigo da manyan baƙaƙe: komai tsananin musiba, rayuwa tana ci gaba.

Na sayi kwali na zana taswirar labarin da jan biro da shuɗi. Kifi biyu, jirgi biyu, mai sanƙo biyu. Ban tambayi ɗalibi ko ɗaya ba, don kada su ga kamar malaminsu bai sani ba.

Talata Malam Bawa ya iso, ya zauna a bencin baya, ya ɗora takardarsa a gwiwa. Na manna kwalina a allo. Da na ambaci sunan fim ɗin aji ya ɗauki murna, na saci kallon dattijon na ga ya yi ɗan rubutu. Na ce a raina, maki ya fara sauka.

Na fara da cewa marubucin wannan fim gwani ne, domin ya karya ƙa'ida ya kashe mugu tun a farko. Murnar ta ragu. Na shiga bayanin matar kifi da ramuwarta, na ga wasu suna kallon juna. Na ɗauka zurfin nazarin ne ya yi musu yawa, sai na ƙara rage murya irin ta manyan malamai. Na ce tauraruwa ita ce mai tabo, saurayi mai tabarau mataimakinta ne, mugaye biyu ne miji da mata, amma ginshiƙin labarin su ne tagwaye, ɗaya ya mutu don a nuna ɗacin rayuwa, ɗaya ya rayu don a nuna fata. Har da ɗaga yatsa. Aji ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa samu ba tun da na zo makarantar, na ji daɗi ƙwarai.

Sai na yi tambaya, tunda an koya mana a riƙa jawo ɗalibai cikin darasi. Na ce wa zai gaya mana matsayin ɗan'uwan matuƙin jirgi a labarin. Ba wanda ya motsa. Can wata yarinya a layin gaba, Hadiza, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu a hankali kamar mai tsoron ya karye.

"Malam, yi haƙuri, wane ɗan'uwa? Mutumen ga shi ɗai na."

Na yi murmushin manya. Na ce to in shi kaɗai ne, ya aka yi kifi ya cinye shi, kuma muka gan shi yana cin abinci a bakin teku?

"Ai sai da yac ci abincin, Malam, kana kihin yac ci shi."

Ban gane ba. Gaskiya ban gane ba, na tsaya da alli a hannu ina kallonta. Na ce wataƙila wanda suka kalla na fassara ne, masu fassara kuwa suna canza abubuwa. Wani daga baya ya ce shi na Turancin ya gani, kifi ɗaya ne, jirgi ɗaya. Na ce to ai akwai dabarar waiwaye, inda marubuci ke komawa baya. Ina faɗa ina jin muryata tana sirancewa, domin a daidai lokacin fasasshen tabarau ya faɗo mini a rai, da sunayen da suka hau sama, da bakin Lawali yana motsi ina katse shi. Wayata abin da ya shigo ƙarshe shi take ɗorawa a sama. Na kalli fim ɗin ne daga ƙarshe zuwa farko.

Malam Bawa ya cire tabarau ya dubi Hadiza.

"To ɗiyata, waɗanga da Malam yac ce sun shiga jirgi suna dariya, rayuwa ta ci gaba, ina za su?"

"Wurin kihin za su, Baba. Mutum biyu ɗai sunka dawo."

Dariyar da aka yi, sai da malamin ajin da ke kusa ya leƙo ta taga. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga har ƙugu, ina hango zauren mahaifina da mutanen da zan gaya wa sai baɗi. Hannuna ya kama rawa har allin yana ƙwanƙwasa allo. Don kada a gani, na miƙa wa Hadiza shi na ce ta zo ta tsara mana labarin yadda yake, ni kuma na lallaɓa na zauna a gurbinta.

Yarinyar nan ta ja layi uku a allo. Ta sa bakin teku a farko, harin kifi a tsakiya, kisan kifi a ƙarshe. 'Yan aji suka dinga jefo mata gyara, ana musu a kan ko mai sanƙo mataimaki ne ko an sa shi ne kawai don a so shi a ji zafin mutuwarsa. Minti goman da suka rage, darasin da na zo koyarwa ya koyar da kansa, ina zaune a layin gaba ina gyaɗa kai kamar da ma haka na shirya.

Bayan an tashi na bi Malam Bawa har gindin bishiyar bedi inda ya ajiye mashin, ina ta ranka shi daɗe ba tare da na san abin da zan ce ba. Ya ce a shekarunsa na duba ɗalibai ya ga wanda ya manta darasi, ya ga wanda ya koyar da kuskure, amma bai taɓa ganin wanda ya ƙirƙiro mutum sukutum ya ba shi matsayi ba. Ya ce a kan ilimin darasi ba ni da komai. Sai ya nuna mini takardar: ya ba ni makin tsallakewa, daidai bakin layi, ko ɗigo babu a kai. Dalili, in ji shi, da yarinya ta ƙaryata ni gaban baƙo ban zare mata ido ba, na ba ta alli na zauna na saurara, kuma malamai da yawa sun tsufa ba su iya wannan ba.

Na ce na gode. Ban gaya masa rawar hannu ce ba, kuma in yana karanta wannan, Allah ya ba shi haƙuri.

Yau shekaruna da yawa ina koyarwa, kuma har yanzu in na shiga kasuwar Shinkafi sai na ji wani magidanci ya ƙwala mini Malam Tagwaye. Abin da na koya shi ne, in ban gane abu ba in buɗe baki in ce ban gane ba, tun kafin in haifa masa ɗan'uwa. Daga baya na zauna na kalli fim ɗin a tsarinsa, na Hausar, kuma Hadiza ta yi gaskiya a komai. Sai dai ban ji daɗinsa kamar nawa ba. A nawa, mai sanƙo yana nan da ransa.